Tsakanin kwamfuta da moto: zaɓen katin da zai tuƙa injin sassaƙar ƙarfe

Injin sassaƙar ƙarfe da aka ƙera a Jamus ko Japan a shekarun 1980 ba ya tsufa gaba ɗaya a lokaci guda. Gangar jikinsa ta zubin ƙarfe tana nan daram, teburinsa na zamewa lafiya lau, motocin lantarkin da ke tura shi ba su gaji ba. Akwatin sarrafawa ne ke fara mutuwa: allo ya dushe, wani ɗan guntu ya ƙone, kamfanin da ya yi shi kuwa ya daɗe da daina sayar da madadinsa. Irin waɗannan injuna na CNC, wato masu aiki da umarnin kwamfuta, sun cika kasuwar kayan hannu a Turai da Amurka, wasunsu har sukan iso shagunan aikin ƙarfe na Kano da Kaduna. Mai injin yakan cire tsohon akwatin ya sa kwamfuta ta yau da kullum a gurbinsa. Saura abin da za a sa tsakanin kwamfutar da motocin, kuma a nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu.

Tun injin farko da masana a jami'ar MIT suka nuna a 1952, wanda ke karanta umarni daga tef mai huji, tushen aikin bai canza ba. Moton sarbo yana da enkoda a bayansa, na'urar da ke ƙirga iyakar juyin da ya yi. Mai sarrafawa ya duba inda aka ce teburi ya kai, ya duba inda enkoda ta ce ya kai, ya gyara bambancin, ya sake dubawa. A manhajar LinuxCNC, wadda ta samo asali daga wani aiki na hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a shekarun 1990, ana yin wannan dubawa sau 1,000 a daƙiƙa. Kwamfuta ba ta ba moto wuta da kanta. Akwai akwatin da ke yin wannan, wanda masu aikin ke kira direba. Katin haɗi shi ne tafinta tsakanin kwamfuta da direba, kuma ba a ɗaukar tafinta sai an san yaren da baƙo yake ji.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara da tambayar kati nawa ne, ko wanne ya fi suna. A buɗe akwatin injin tukuna, a karanta lambar da ke jikin direba, a nemo littafinsa.

Yawancin tsofaffin direbobi suna karɓar umarni ne ta ƙarfin wuta, daga bolt 10 na gaba zuwa bolt 10 na baya. Goma na gaba na nufin cikakken gudu ta wannan fuska, goma na baya cikakken gudu ta waccan, sifiri kuma tsayawa. Direba irin wannan bai san inda teburi yake ba, gudu kawai ya sani, shi ma ta wani ɗan janareta da ke manne da moton yake auna shi. Saboda haka dole katin ya iya fitar da wannan wutar a tsabtace, ya kuma karɓi ƙirgen enkoda ya miƙa wa kwamfuta. Sababbin direbobi masu sauƙin kuɗi kuwa sun fi karɓar bugu: waya ɗaya tana buga taku, ɗaya tana faɗin fuska, direban ne da kansa ke tabbatar da cewa moto ya kai inda aka ce. Akwai kuma masu magana ta wayar sadarwa, kamar EtherCAT da kamfanin Beckhoff na Jamus ya fitar a 2003. Wasu manyan kamfanoni sun yi nasu tsarin da ba kowa ke shiga ba, Fanuc da FSSB, Mitsubishi da SSCNET. Wanda ya ci karo da irin waɗannan, sau da yawa ya fi masa sauƙi ya canza direbobin baki ɗaya.

Daga nan sai lissafi, wanda ba ya buƙatar komai sai biro da takarda. A ɗauki enkoda mai layi 2,500. Ana ƙirga kowane layi sau huɗu, ya zama ƙirge 10,000 a juyi ɗaya. Idan moton na juyi 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa, enkodar na aiko da ƙirge 500,000 a kowace daƙiƙa. Idan sukurun da ke tura teburi na tafiyar milimita 5 a juyi guda, ƙirge ɗaya rabin maikuron ne, teburin kuma na gudun mita 15 a minti. To, tsohuwar ƙofar firinta mai ramuka 25, wadda masu koyo suka daɗe suna amfani da ita da manhajar Mach3 da LinuxCNC don arha, kwamfuta ce ke leƙa ta da kanta. Ko da tana leƙawa duk bayan maikurodaƙiƙa 25, sau 40,000 ke nan a daƙiƙa, bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ake buƙata ba. Ƙirge zai riƙa wucewa ba a gani ba, kwamfuta ta ɗauka teburi na wani wuri alhali yana wani. Ga shi kuma wayoyin shigar da saƙo biyar kacal gare ta. Ga ɗan injin da ke yanka katako da moto mai taku, ta wadatar. Ga sarbo, a manta da ita.

Maganin shi ne katin da ke yin ƙirgen da kansa. Kamfanin Mesa Electronics na jihar Kalifoniya ya yi suna a nan, da katunansa masu guntun FPGA da ke ƙirga miliyoyin bugu a daƙiƙa ba tare da sun jira kwamfuta ba. Ita dai ta zo sau ɗaya a kowace milidaƙiƙa ta karɓi jimla, ta bar sabon umarni. Katinsu 7i77 na ɗaukar moto shida masu bolt 10 tare da enkoda shida, 7i76 kuma na masu bugu ne. Pico Systems ma na yin nasu. Wasu katunan a cikin kwamfuta ake soke su, wasu ta wayar Ethernet ake haɗawa, kuma na fi son na biyun: kwamfuta na iya zama nesa da ƙurar ƙarfe da hayaniyar wutar direbobi, in ta lalace kuma a sauya wata ba tare da neman mai irin ramin ba. USB kuwa LinuxCNC ba ta yarda da ita wajen tuƙa moto, domin ba a da tabbacin lokacin da saƙo zai isa. Katunan USB da ake sayarwa don Mach3 suna kauce wa matsalar ne ta hanyar ɗauke aikin lokaci daga kwamfuta su riƙe shi a jikinsu. Ita kanta kwamfutar sai an gwada jinkirinta da manhajar da ke zuwa tare da LinuxCNC, kuma laftof kan faɗi wannan gwaji saboda dabarunta na tattalin batir.

Wane ne zai riƙa gyara kuskuren matsayi, direba ko kwamfuta? Tsarin bugu ya fi sauƙin haɗawa, amma in ba a dawo da ƙirgen enkoda ba, kwamfuta na aika umarni ne ba ta ganin abin da ya faru. Idan injin na da ma'aunin gilas a jikin teburi, wanda ke auna tafiyar teburin kansa har da ɗan wasan da sukuru ke yi in ya ci, asara ce a bar shi a banza. Sai dai a kula, tsofaffin ma'aunan Heidenhain da yawa siginar igiya mai rauni suke fitarwa, sai an sa musu akwatin da zai mayar da ita bugu. Wasu motocin ma ba enkoda gare su ba, wata na'urar auna juyi da ake kira rizolba gare su, ita kuma katinta daban, irin 7i49 na Mesa.

Sauran abin dubawa bai da ƙayatarwa, amma shi ke hana kati ƙonewa. Makunnan iyaka da na famfon ruwan sanyaya a injunan masana'antu bolt 24 suke amfani da shi, don haka katin ya zama mai shinge tsakanin wannan wutar da ta kwamfuta. Wayar enkoda ta zama mai tagwayen layi da rigar kariya, kada a kwantar da ita tare da wayar wutar moto. A wurinmu, inda ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta ana tsakiyar aiki, ƙurar hunturu kuma na shiga ko'ina, wayar ƙasa mai kyau da akwati mai matatar iska sun fi wani ƙarin tsadar kati amfani.

Maɓallin tsayawar gaggawa kuwa kada ya bi ta manhaja, ya yanke wutar direbobi kai tsaye. Direba mai bolt 10 da kwamfutarsa ta sandare zai ci gaba da gudu a kan umarnin ƙarshe, shi ya sa katunan kirki ke kashe fitarwarsu da zarar kwamfuta ta yi shiru. Ranar gwajin farko a raba moto da sukuru, domin idan aka juya fuskar ƙirgen enkoda, duk gyaran da kwamfuta ta yi ƙara kuskuren zai yi, moton ya zabura da cikakken gudu. A saita iyakar tazarar da aka yarda teburi ya yi da umarni ta zama ƙarama, sai an ga kowane moto na bin umarni ta fuskokin biyu sannan a mayar da sukurun.