Maigidan ƙwarai, ranar rufe iyaka ake saninsa

Ƴan uwa ƴan kasuwa, mu da aikin rediyo yake kai mu kasuwannin bakin iyaka, daga Ɗan Isa da Jibiya har Ƙwanni da Illela, akwai tambayar da samari suke yawan yi mana: me ya sa wani alhaji yake shekara talatin gidansa na tsaye, wani kuwa shekara uku ya karye, alhali kaya iri ɗaya suke ɗauka, hanya ɗaya suke bi, ƴan duwan ɗaya suke tsayar da su? Arziki dai na Allah ne. Amma abin da muka lura da shi, gidan da ya daɗe, maigidansa ya riƙe alkawari ne a lokacin da kasuwa ta juya masa baya.

Kuma kasuwar iyaka ta sha juya baya. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ba sai Maris 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsada dare ɗaya. A Agustan 2019 aka sake rufewa har Disamban 2020. Sannan a 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli a Yamai, takunkumin CEDEAO ya tsayar da motoci, Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris 2024.

A duk irin wannan lokaci, iyayen gida kashi biyu suke rabuwa. Akwai wanda yake ɓuya ga masu binsa bashi, ya sallami yaransa ba ko sisi, ya ce sai hanya ta buɗe. Akwai kuma wanda yake taka ƙafa ya je wurin mai kaya, ya faɗa masa halin da ake ciki, su yanka ranar biya ko da kaɗan-kaɗan ne, kuma bai hana barorinsa kuɗin cefane ba. Ranar da aka ɗaga shinge, kowa ya san wanda za a ba kaya bashi. Dalili kuwa, yawancin cinikinmu babu takarda: buhunan wake da albasa da dabbobi suna ƙetare iyaka ne bisa kalmar baki. Wanda kalmarsa ta mutu, jarinsa ya mutu, ko da sitonsa cike yake.

Wannan darasi ya girmi iyakar kanta, domin kakanninmu fatake da shi suka yi fatauci. Mu ɗauki Alhassan Ɗantata misali. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa masu fatauci. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja, tafiyar watanni. Da ya ga ana iya ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, sai ya bi wannan hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, ya zama babban mai sayo musu, yana ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka. Turawa sun amince masa da kuɗinsu, shi kuma ya amince wa yaransa, kuma kaya suna isowa yadda aka yi alkawari. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma 20. Ya rasu a 1955, amma gidan bai watse ba: ɗansa Alhaji Aminu ya riƙe harkar shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2025, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa.

Abin lura, Ɗantata ya sauya hanya, ya sauya haja, daga goro zuwa gyaɗa. Abin da bai sauya ba shi ne amana. Don haka jajircewa ba ta hana mutum barin hajar da ta daina tafiya.

Shawararmu ga iyayen gida uku ce. Ta farko, a raba jari da kuɗin cefane, kuma a rubuta kowane bashi da irin kuɗin da aka ƙulla shi, naira ko sefa, saboda canji ya raba abokai da yawa. Ta biyu, kada a ɗauki kayan da suka fi ƙarfin biya in hanya ta rufe wata uku. Ta uku, yaron da ya yi shekaru yana hidima, a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, kamar yadda alhazan Maraɗi suka saba, domin gobe shi ne zai zama wakilinka a wata kasuwa.

Ku kuma samari, ku sani alkawari kaya ne. Wanda ya kawo jikka goma cif yau, shi ake ba miliyan gobe. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin amana, amin.