Harsunan Jeri da Taskokin Lissafi: Yadda Aka Ɗaura Aurensu

Duk wanda ya koyi harshen kwamfuta irin su C ko Fortran ya san yadda ake tara lambobi daga 1 zuwa 100. Sai ka umarci na'ura ta ɗauki ta farko, ta ƙara ta biyu, ta dawo ta ɗauki ta uku, haka har ta kai ƙarshe. A harshen APL alamomi shida sun wadatar: +/⍳100, amsa ta fito 5050. Harshen jeri ke nan: yana kallon tarin lambobi a matsayin abu guda, kamar mai awo da ke auna gero da mudu, ba ƙwaya-ƙwaya ba.

Kenneth Iverson, ɗan Kanada da ya koyar a Jami'ar Harvard, shi ya ƙirƙiro wannan salo. Da farko rubutun allo ne na bayyana lissafi, ya fitar da shi a littafi a 1962, sannan kamfanin IBM ya mayar da shi harshen da na'ura ke aiki da shi a 1966. A 1979 aka ba shi kyautar Turing. Hujjarsa ita ce alamomin da mutum ke rubutu da su suna tsara yadda yake tunani, kuma na yarda da shi ƙwarai.

Sai dai harshe mai kyau bai isa ba. Warware lissafi mai ɗaruruwan abubuwan da ba a sani ba yana buƙatar dabarun da masana suka yi shekaru suna gogewa don kada ƙananan kurakurai su taru su ɓata amsa. Waɗannan dabaru suna cikin taskokin Fortran, wato EISPACK da LINPACK. A ƙarshen shekarun 1970, Cleve Moler na Jami'ar New Mexico ya ga ɗalibansa na buƙatar taskokin, amma koyon Fortran na cinye musu lokaci. Sai ya gina musu ƙaramin harshen jeri a kansu, ya kira shi MATLAB. Ɗalibi ya rubuta x = A\b kawai, tsohuwar taskar ta yi aikin ƙarfi a bayan fage. A 1984 shi da Jack Little suka kafa kamfanin MathWorks, kuma a 2000 MATLAB ya koma kan LAPACK, magajiyar waɗancan taskoki.

A ganina nan ne tunanin Iverson ya yi nasara, ko da yake cikin rigar wasu. APL ya tsaya da alamominsa na musamman, har sai da aka yi masa allon bugu nasa, wannan ya tsorata mutane da yawa. NumPy, wanda Travis Oliphant ya fitar da cikakken bugunsa na farko a 2006, ya bi hanyar Moler: jeri a gaba cikin harshen Python, taskokin BLAS da LAPACK a baya. Yana cikin kayan aikin da masana taurari suka yi amfani da su wajen haɗa hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya da aka nuna wa duniya a 2019.

Zaman auren kuwa yana da nasa saɓani, kuma a nan sabon shiga ke tuntuɓe. Fortran da MATLAB suna ajiye jadawalin lambobi a ƙwaƙwalwar na'ura daga sama zuwa ƙasa, ginshiƙi bayan ginshiƙi. C da APL suna bin layi-layi, haka ma NumPy idan ba a ce masa ya sauya ba. MATLAB yana fara ƙirga daga 1, NumPy daga 0, APL kuma ya bar wa mai shi zaɓi. Wanda ya miƙa jadawali daga wannan gida zuwa wancan bai kula ba, na'ura ba lallai ta yi masa gargaɗi ba. Za ta iya karanta layukansa a matsayin ginshiƙai, ta yi lissafinta cikin ƙiftawar ido, ta miƙo masa amsar tambayar da bai yi ba.