Layin Da Ya Kurumce: Yadda Na'urori Ke Gane Ba A Jin Su

Duk wanda ya saba magana ta wayar tarho ya san wannan matsala: kana jin muryar abokin maganarka raɗau, amma shi ba ya jin taka. Irin wannan larura takan sami na'urorin da ke haɗa kwamfutoci, kuma a wurinsu ta fi yankewar layi ɗungurungum haɗari.

A asibiti ko banki, kowace kwamfuta tana da waya zuwa wata na'urar rarraba saƙonni da ake kira suwic. Su kuma waɗannan na'urori akan haɗa su da juna ta wayar gilashi mai zare biyu, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa. Idan zare ɗaya ya karye, ko ma'aikaci ya jona shi a ramin da ba nasa ba, sai saƙo ya riƙa bin ɓangare ɗaya kawai, alhali 'yar fitilar na'urar tana iya ci gaba da nuna kore.

To, ina haɗarin yake? Injiniyoyi sukan shimfiɗa layi fiye da ɗaya tsakanin na'urori saboda ko-ta-kwana. Amma idan duk layukan suka buɗe a lokaci guda, saƙo zai yi ta kewayawa ba iyaka, yana ninkuwa, har ya toshe hanya. Don hana wannan ne Radia Perlman, wata masaniya 'yar Amurka, ta ƙirƙiro tsarin STP a 1985. A wannan tsari, suwic yakan rufe layin ko-ta-kwana muddin yana jin sanarwar maƙwabcinsa, wadda ke zuwa kowace daƙiƙa 2. Idan ya ji shiru na daƙiƙa 20, sai ya fara shirin buɗe layin, bayan ƙarin daƙiƙa 30 kuma ya buɗe shi. Idan kuwa maƙwabcin yana nan daram, kunnen suwic ɗin ne kawai ya toshe, to an sami da'ira ke nan, aiki ya tsaya cak.

Maganin da kamfanin Cisco ya fito da shi shi ne tsarin UDLD, wanda aka buga cikakken bayaninsa a 2008. Kowace daƙiƙa 15, suwic yakan aika ɗan saƙo mai ɗauke da sunansa, haɗe da sunan duk maƙwabcin da ya ji ta wannan layi. Ashe jin muryar maƙwabci bai wadatar ba, sai na'ura ta ga sunanta a cikin saƙonsa. Idan babu sunanta, ta tabbata ba a jin ta, sai ta rufe ramin. Akwai kuma salo mai tsauri: idan maƙwabci ya yi shiru, akan aika masa saƙo 8, ɗaya kowace daƙiƙa, in bai amsa ba a rufe.

Mai karatu ya lura da lissafin: tazarar daƙiƙa 15 sau uku ta ba da 45, wato ana gano cutar kafin cikar daƙiƙa 50 ɗin da STP ke bukata ya buɗe layi.

Malamai na iya gwada wannan a aji. Ɗalibai biyu su riƙa miƙa wa juna takarda, kowa ya rubuta sunansa da na wanda ya karɓi takardarsa. Sai malami ya riƙe takardun ɗaya daga cikinsu a ɓoye, a ga wanda zai fara ganewa.