Sakin Talala da Ƙidayar Masu Komawa Ruwa

Sakin talala shi ne a sallami fursuna tun wa'adinsa bai cika ba, bisa sharuɗɗa, kamar ya riƙa kai kansa gaban jami'i, kada kuma ya bar gari sai da izini. Hukuma ba ta da hanyar sanin ko wannan sassauci ya yi rana sai ta bi sawun waɗanda ta sallama. To, a nan gizo ke saƙa.

Alal misali, a 2002 ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ya fitar da bayani game da fursunoni 272,111 da aka sallama daga jihohi 15 a 1994, da yawansu bisa irin waɗannan sharuɗɗa. Cikin shekara uku an sake kama kashi 67.5 cikin ɗari. Waɗanda kotu ta samu da sabon laifi kashi 46.9 ne, waɗanda ta sake ɗaurewa a kansa kuwa kashi 25.4. Amma da aka ƙidaya duk wanda ya koma kurkuku sai adadin ya kai kashi 51.8, domin wasu sharaɗi kurum suka karya, kamar ƙin zuwa gaban jami'i.

Watau mutanen ba su sauya ba, amma alƙaluma huɗu aka samu. Mai ƙin sakin talala ya kan riƙe na farko, alhali kamu ba hukunci ba ne. A ganina na biyu ya fi ƙarfin hujja, tun da alƙali ya auna shi. Tambayar ta shafe mu, domin dokar gidajen gyaran hali ta Nijeriya ta 2019 ta tanadi sakin talala.