Mizanin Auna Dagulewar Ruwa

Duk wanda ya zauna a Sabon Garin Keffi ya san cewa idan damina ta kankama, kogin Antau ya ɗauko jar ƙasa, ruwan rijiyoyi da yawa yakan dagule, har sai uwargida ta jefa alif cikin randa kafin laka ta kwanta. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin littafin Risala, sun hukunta ruwa da siffofi uku, wato launi da ɗanɗano da ƙamshi, suka kuma yi rangwame ga wanda ƙasar mazauninsa ce ta jirkita shi. Amma wannan hukuncin tsarki ne domin ibada, shi kuwa ruwan sha yana bukatar wani mizani dabam.

A shekarar 1865 wani malamin falaki na ƙasar Italiya, Angelo Secchi, ya zura farin faifai da igiya cikin tekun Bahar Rum, ya auna zurfin da ido ya daina ganinsa, kuma har yau da irin wannan faifan ake gwada tafkuna da madatsun ruwa. Saboda ganin mutane ya bambanta, sai masana suka ƙera na'urar da ke harba haske cikin 'yar kwalbar ruwa, ta ƙididdige abin da ƙwayoyin laka suka warwatsa gefe, ta bayyana shi da awon da ake kira NTU. Kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta haddade kada ya wuce 5, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a sauko ƙasa da 1.

Hikimar wannan tsanantawa ita ce, ƙwayoyin cuta sukan fake jikin laka, ta yadda ko an zuba sinadarin kulorin ba zai riske su duka ba. Sai dai na'urar shaida take bayarwa a kan laka kaɗai, domin ruwa yana iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da kwalara ko taifot. Saboda haka, jama'a, ko ruwan famfo ne, ko na 'yan garuwa, idan ya dagule a bari ya kwanta, a tace, sa'an nan a tafasa kafin a sha.