Zuciya na gudu, jiki ya mutu: me ke jawo shi, kuma yaya ake gano dalili?

 Yau za mu tattauna kan abin da da yawa ke kira faɗuwar gaba: mutum yana zaune ya ji zuciyarsa na dukan tara-tara, ga kasala, ɗan tattaki kaɗan sai haki. Wasu su ce gajiyar hanya ce, wasu su ce iska ce ko sammu. Gaskiyar magana, galibi jiki ne ke kai ƙara, kuma ƙarar tana da dalilin da ake iya ganowa.

Zuciyar babban mutum da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ga yadda za ka auna taka: ka zauna ka huta minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun na minti ɗaya cif, da agogon wayarka. In ka kora shanu ko ka ɗauki buhu, dole ta ƙaru, wannan ba komai ba ne. Amma in kana zaune lafiya lau ta wuce 100, kuma abin yana maimaituwa, to akwai magana. Ka lura kuma ko bugun yana tafiya daidai ne, ko yana tsalle yana harɗewa.

Ɗaya daga cikin manyan dalilai a yankinmu shi ne ƙarancin jini. Jini ne ke kai iskar numfashi ko'ina a jiki. In ya yi ƙasa, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin, kamar jaki ɗaya da aka bar wa aikin jakuna biyu. Me ke cinye jinin? Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi, tsargiya da ake ɗauka a tafki wajen shayar da dabbobi, sai ciki da haihuwa da yawan jinin al'ada, da kuma amosanin jini. Ka ja fatar idon ƙasa ka duba: in ta yi fari maimakon ja, alama ce. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da awon jininsa ya gaza 13, ko mace 12, ko mai ciki 11, jininsu ya yi ƙasa.

Na biyu, ƙarancin ruwa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura maki 40, makiyayi ya wuni yana zufa bai sha abin kirki ba. Haka ma mai gudawa ko amai. Alamarsa bushewar baki, jiri in an miƙe, da fitsari kaɗan mai duhu. Taimakon farko shi ne inuwa da ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Na uku, zazzaɓi kowane iri. Duk maki ɗaya da zafin jiki ya hau, bugun kan ƙaru da kamar goma. Makiyaya ku ji wannan da kyau: cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, tana kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zufar dare, ciwon gaɓoɓi da gajiyar da ba ta ƙarewa. Maganin zazzaɓin sauro ba ya taɓa ta.

Na huɗu, abin da muke sa wa cikinmu da hannunmu. Shayi mai kauri zagaye uku, goro, kofi, taba, lemon ƙara kuzari, da ƙwayoyin da direbobi da 'yan dako ke sha don kada barci ya ɗauke su. Duk suna zaburar da zuciya, su hana barci, gari ya waye jiki a mace. Wasu magungunan mura da na asma ma suna yin haka. Damuwa da firgici, musamman ga wanda ya ga tashin hankali a hanya ko aka kore masa dukiya, su ma suna sa gaba faɗuwa, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa wa likita.

Sai wani ƙulli da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo. In aikinsa ya yi yawa, za ka ga mutum yana ci yana ramewa, hannu na rawa, zufa na zuba.

Na ƙarshe, ciwon zuciyar kanta. Hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula ba yana gajiyar da ita. Akwai kuma raunin zuciya da ke kama mata gab da haihuwa ko 'yan watanni bayanta, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙarsa da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, ba hutu kawai take bukata ba, asibiti take bukata.

To, in an je, me za a yi? Ma'aikacin lafiya zai tambayi yaushe abin ya fara da me kake sha, ya auna bugu da hawan jini da zafin jiki, ya saurari ƙirji. Sai gwajin yawan jini, na zazzaɓin sauro, na sukari, wani lokaci fitsari da bayan gida. In ana zargin zuciya, za a tura ka babban asibiti irin na Maraɗi, Damagaram, Katsina, Sakkwato ko Kano, a yi awon ECG da hoton zuciya. 'Yan kasuwa, ku riƙa tafiya da takardun gwajinku da kwalayen maganin da kuka sha, domin magani ɗaya yakan sha bamban da suna tsakanin Nijar da Najeriya.

Abu biyu ku kiyaye. Kada a yi ƙarin ruwa a shagon magani ba tare da awo ba, don ruwan nan yana iya cika huhun mai raunin zuciya. Kada kuma a yi wa mai ƙarancin jini ƙaho, ɗan jinin da ya rage ne za a zubar.

In kuwa aka ga ciwon ƙirji, suma, haki ana zaune, baƙin bayan gida, zubar jini ga mai ciki, ko baki ya karkace hannu ya mutu, kada a jira ranar kasuwa ko a ce sai an sayar da ɗan maraƙi. A nemi mota ko babur a tafi a lokacin. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu mako na gaba.