Gasa da Haɗin Kai Tsakanin Ɗalibai

A yawancin makarantun firamare da sakandare na Nijeriya, katin sakamakon ƙarshen zango yana nuna matsayin yaro a aji: na ɗaya, na bakwai, na arba'in. Nan idon iyaye yake fara sauka, kafin makin lissafi ko na Turanci. Wannan gasa tana zaburar da 'yan sahun gaba, amma kujerar na ɗaya guda ce tak. Yaron da ya ga ba zai kai gare ta ba yakan karaya, mai ƙwazo kuma ya koyi ɓoye abin da ya sani, don kada wanda ya koya wa ya sha gabansa. Asara ce babba a ajin da malami ɗaya yake fama da yara masu ɗimbin yawa.

A shekarar 1971, a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, an haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya, sai gaba ta ɓarke tsakaninsu. Masanin halayyar ɗan Adam Elliot Aronson ya kasa aji zuwa ƙananan rukunoni, ya raba darasi gida-gida, kowane yaro ya riƙe kashi ɗaya ya koya wa 'yan rukuninsa. Da yake jarrabawa za ta taɓo darasin baki ɗaya, dole kowa ya saurari kowa, har wanda a da ake yi wa dariya. Gabar ta ragu, karatun yaran da aka bari a baya ya ƙaru.

Makarantar allo ta daɗe da sanin amfanin ɗalibai su koya wa juna. Gardi ne yake biya wa ƙolo da titibiri karatu, kuma yana biyawa yana ƙara daddale nasa.

Game da matsayin aji kuwa, ƙasar Singafo, duk da ta yi suna wajen zafin jarrabawa, ta cire shi daga katin sakamako tun daga 2019.

Gasa tana da muhallinta: wasannin gidaje, kacici-kacici, musabaƙar Alƙur'ani, da neman gurbin jami'a ta hanyar JAMB, inda guraben ƙididdigaggu ne. Jarrabawar WAEC da NECO kuwa ba ta ƙayyade yawan waɗanda za su ci a aji guda ba, saboda haka ɗalibin da ya zauna ya warware wa abokinsa lissafi bai rage ko maki ɗaya daga nasa ba.